Mohito a walimar sauka: ɗaci, suna, da abin da ke cikin kofin

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, jiya na sha kunya har sau biyu a wuni ɗaya. Walimar saukar ɗan yayar mijina aka yi, aka ce in haɗa abin sha na mutum hamsin. Na ce bari in bar zoɓo da kunun aya su huta, in yi wannan na na'a-na'a da lemon tsami da nake gani a bidiyo, wanda suke rubutawa mojito. Tun da hantsi na markaɗa komai a bilenda, na tace, na juye Sprite, na ɗura a robobi, har da manna takarda mai suna don yanga. Da la'asar aka buɗe. Wallahi ɗaci kamar an jiƙa maɗaci, launin ma ya koma na ruwan kududdufi. Ana cikin haka kawun maigidana ya miƙa wa jikansa roba ya ce ya duba masa ma'anar sunan a waya. Yaro ya ɗaga murya ya ce, "Baba, giya ce ta ƙasar Kyuba." A walimar saukar Alƙur'ani fa! Tambayata biyu ce: me ya jawo ɗacin, sannan da gaske giya ce?

Sadiya mai kek: Inna lillahi! Maman Ilham ki yafe min, na yi dariya har Abban Nana ya leƙo yana tambayar ko lafiya.

Hajiya Turai: Sadiya, bari ta huce tukuna mana. Maman Ilham, da ɓawon kika markaɗa lemon?

Maman Ilham: Da ɓawo da 'ya'ya da komai, Hajiya. Na'a-na'ar ma da karanta na zuba.

Hajiya Turai: To ai shi ke nan. Ko ni da ban san wannan mojiton ba na san ba a yi wa lemon tsami haka.

Anti Saratu Jos: Bari in shigo, tunda sana'ata ce. Shekara tara na yi ina aiki a wani otal a nan Jos kafin in buɗe nawa wajen abinci, kuma kun san ni Kirista ce, don haka mai giyar da marar giyar duk na haɗa ba adadi. Yaron bai yi ƙarya ba. Asalin abin da giya ake yinsa, wata farar barasa da ake kira rom. Kuma mohito ake cewa, don a Sifaniyanci harafin j kamar h yake fita. Abu biyar ne a ciki ban da ƙanƙara: rom, lemon tsami, suga, na'a-na'a, ruwan soda. Awon da aka koya mana na kofi ɗaya shi ne rom mililita 45, ruwan lemon tsami mililita 20, suga cokalin shayi biyu, na'a-na'a 'yan rassa, a cika da soda. In kika cire rom ɗin, abin da ya rage ba zai bugar da ko jariri ba. Naki ba giya ba ne, ƙanwata, lemo ne da ya ɓaci.

Maganar ɗaci kuma, laifi uku kika yi. Farin nan da ke ƙarƙashin koren ɓawon lemon tsami da 'ya'yansa, su ne gidan ɗaci, kin kuwa niƙa su lukui. Na biyu, ita na'a-na'a ba a niƙa ta. Ƙamshinta a wani ɗan mai yake a jikin ganyen, dannawa kaɗan ya isa ya fito. Da zarar kin ragargaza ganyen sai ɗanɗanon ciyawa ya biyo baya, kuma in ya jima sai ya yi duhu, shi ne launin da kika gani. Na uku, kin bar shi daga hantsi zuwa la'asar. Ruwan lemon tsami kansa in ya daɗe a matse ɗaci yake yi, iskar Sprite ɗin kuma ta riga ta gudu tun wajen ɗurawa. Wannan abin sha ne na haɗa-a-sha, ba ya son jira.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, Anti. Wallahi kamar kina tsaye a kicin ɗin. To yaya ake yin na ƙwarai?

Anti Saratu Jos: Samo dogon tambulan. Ki zuba suga cokalin shayi biyu, ki matse lemon tsami a kai. Namu ƙanana ne, sai ki matse ɗaya da rabi ko biyu, ki cire 'ya'yan. Ki juya har sugan ya fara narkewa. Ki tsinko ganyen na'a-na'a kamar goma, ki ɗora a tafin hannu, ki tafa sau ɗaya, tas! Ki sansana hannunki a nan, za ki gane abin da nake nufi. Ki jefa a kofin, ki samo gindin muciya ko bayan cokali, ki danna a hankali sau huɗu ko biyar kina ɗan murzawa. Idan ganyen ya yayyage kin wuce gona da iri. Sai ƙanƙara. Ki naɗe ta a tsabtataccen ƙyalle ki bubbuga da taɓarya ta farfashe, ki cika kofin taf. Ruwan soda mai sanyi shi ne ƙarshe, ki zuba a hankali ta gefe, ki sa dogon cokali ki ɗago na ƙasa sama sau biyu. Ki soka reshen na'a-na'a ɗaya a sama daidai inda hanci zai je. Rabin daɗin abin nan ta hanci yake shiga.

Ummu Sudais: Ni fa ban gane inda aka dosa ba. An ce abu giya ne, an tabbatar giya ne, kuma ana koya mana yadda ake haɗawa? Anti Saratu ba da ke nake ba, ke kin faɗi gaskiya kuma addininki daban. Da mu nake. Ba ga hadisi nan ba cewa wasu daga cikin al'umma za su sha giya suna kiranta da wani suna? Me ya kai mu ɗauko kayan mashaya mu kawo gidajenmu? Zoɓo ya ƙare ne?

Sadiya mai kek: Zoɓo bai ƙare ba, mu ne muka gaji da jan harshe.

Malama Rabi: Ummu Sudais, Allah ya ƙara kishin addini. Hadisin da kika kawo haka yake, amma ki duba shi da kyau. Yana magana ne a kan wanda zai sha giya ya laƙaba mata suna mai kyau don ya halatta wa kansa. Na Maman Ilham akasin haka ne, halal ta haɗa ta laƙaba masa suna marar kyau. Abin da ke cikin kofin shi ake dubawa, ƙa'idar kuma sananniya ce: abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ki sha bokiti guda na lemon tsami da na'a-na'a da soda, iyaka cikinki ya kumbura. Sai dai akwai malaman da suka ƙi a riƙa kwaikwayon zaman mashaya, irin ɗaga kofuna ana gwara su da sauransu, ko da ruwa ne a ciki. Wannan kam magana ce mai ƙarfi. Ni ɗaliba ce, mai son fatawa ya je wa malaminsa.

Binta 'yar Jidda: A nan Jidda babu gidan abincin da za ki shiga ba ki ga lemon da na'a-na'a ba, laimun bin na'na' suke ce masa, kuma da azumi kamar a yi faɗa a kansa. Su kam markaɗawa suke yi ya fito kore shar, amma sai sun fere lemon tsaf, kuma a take ake sha. Akwai ma wani da suke kira shamfen ɗin Saudiyya, ruwan tuffa ne da soda da yankakken lemo da na'a-na'a. Sunan giya ne ƙarara, ba ɗigon giya a ciki, kowa yana sha.

Ummu Sudais: Don ana yi a Jidda ai bai zama hujja ba, Binta. Ku tsaya ku ji damuwata. Ilham ta tashi tana jin mamanta na cewa mohito, mohito, tana sha a gida. Ta girma, ta tafi karatu ko aiki wani gari, ta shiga wajen cin abinci ta ga sunan a takarda, ta ce a kawo mata. Wa zai gaya mata wancan ba irin na mama ba ne? Ita farar giyar nan ba launi gare ta ba, ga suga ga na'a-na'a sun rufe warin.

Anti Saratu Jos: A nan kam ina bayan Ummu Sudais, domin na gani da idona. Wata amarya da angonta sun sauka a wajenmu, ta ga hoton kofi da koren ganye ta nuna da yatsa. Allah ya sa ni ce a wajen, na ga hijabinta na tambaye ta, mai giya ko marar giya? Ta zaro ido ta ce dama da giya a ciki? Ba kowane ma'aikaci zai tambaya ba, balle in wuri ya cika. Ku koya wa yaranku: in ba a rubuta virgin a gaban sunan ba, to mai giya ne. Ko an rubuta ma, a buɗe baki a ce marar giya.

Sadiya mai kek: Wato budurwar mohito za mu riƙa nema.

Anti Saratu Jos: Sadiya ba ki da dama. Tunda an zo nan, bari in fasa wani ƙwan. Cafman ɗin da ake rabawa a kusan kowane biki, kun san abin da ake ɗigawa a ciki? Ban da Fanta da Sprite da jan sirof da kokwamba, asalin haɗin akwai wata 'yar kwalba mai takarda da ta fi ta tsawo, Angostura, daga Tirinidad ake kawo ta. Ku karanta jikinta, kashi 44.7 cikin ɗari barasa ce. Ta fi shi rom ɗin ƙarfi, don shi galibi kashi 40 ne. Ɗigo uku ko huɗu ake sawa, ba zai bugar ba, amma tana ciki.

Maman Ilham: Innalillahi. Ni da na sha cafman a bikin ƙanwata har kofi uku!

Hajiya Turai: Wanda bai sani ba ai ba shi da laifi. Kuma da yawan masu haɗa mana a nan Kano ba sa sa wannan kwalbar, tsada ma ta hana. Daga yau dai a riƙa tambaya.

Ummu Sudais: Kun gani ko? Wanda sunansa ba na giya ba shi ke da giya, wanda sunansa na giya ne shi ne ba shi da ita. Duniya ta rikice.

Malama Rabi: Ai kin dawo kan maganata ke nan, 'yar'uwa. A leƙa cikin kofi.

Dakta Awwal Kumasi: Salamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Matata ce ta miƙo mini wayar ta ce ana maganar ƙasarku. Haka take tsokanata, saboda ina cikin yaran Gana da aka tura karatu Kyuba a shekarun 1980 zamanin Rawlings. A Tsibirin Matasa muka yi sakandare, daga baya na karanta likitanci a can. Ban taɓa shan rom ba, alhamdu lillahi, amma na zauna da masu shansa shekaru, kuma na yi aikin gona tare da su.

Duk labarin nan labarin rake ne. Kyuba ta daɗe tana cikin manyan masu noman rake a duniya, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka yi wannan noma. Sai a 1886 aka soke bauta a can. Har yau akwai masu addinin gargajiya da ake kira Lukumi, waƙoƙinsu na ibada cike da kalmomin Yarbanci. In an matse rake an dafa ruwan an cire suga, akwai baƙin maɗi mai kauri da ke saura. Shi ake tsarma wa ruwa a bar shi ya yi tsami ya tashi, sannan a dafa a tara tururinsa, kamar yadda ake yin ogogoro. Wannan shi ne rom. Na farkon mai kaushi ne, mai ƙona maƙogwaro, abin shan talaka da ma'aikacin gona. Lemon tsami da suga da ganye don a rufe wannan kaushin aka fara sa su. Akwai tatsuniyar da suke bayarwa cewa tun zamanin wani ɗan fashin teku Bature, Francis Drake, da ya zo kusa da Habana, babban birnin Kyuba, a 1586, ake irin wannan haɗin a matsayin magani, har ana kiransa dirake. Labari ne na baka, kowa da yadda yake ba da shi. Abin da yake tabbas, a 1862 aka kafa kamfanin Bacardi a birnin Santiyago, suka fito da farin rom marar kaushi, shi ya shiga kofin daga baya. Da Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, Amurkawa suka riƙa tsallakowa Habana su sha, su koma gida da sunayen abubuwan da suka sha. Akwai wata ƙaramar mashaya a tsohon garin Habana, La Bodeguita del Medio, tun 1942 take. Na wuce ta ƙofarta sau da yawa, za ka ga an jera kofuna a kan kanta, kowanne da suga da ganye a ciki, mutum ɗaya yana bi yana dannawa.

Hajiya Turai: Ikon Allah. Likita, sannu da ƙoƙari. Wato su ma haramta giya aka taɓa yi a Amurka?

Dakta Awwal Kumasi: Shekara goma sha uku, Hajiya. Abin da na so in kai gare shi shi ne, mu da ba ma sha, abin da muke sha a can shi ne gwarafo, wato ruwan rake da ake matsewa a gabanka a zuba a kan ƙanƙara. In aka matsa masa lemon tsami, ba na jin akwai abin da ya kai shi kashe ƙishi.

Malam Bala Makarfi: Likita ya taɓo inda nake jira. Ni tun ɗazu nake karantawa ina cewa a raina, mutanen nan suna ta zagaye. In dai rom ɗan rake ne, to ai uban yana nan a gonarmu. Me zai hana a cire ɗan a sa uban? Mu nan Makarfi rake ne abincinmu, da shi muke mazarƙwaila. Hajiya Maman Ilham, maimakon farin suga ki fere rake gaɓa uku, ki yayyanka ƙanana, ki markaɗa da ruwa kaɗan ki matse a ƙyalle. Ko ki jiƙa gutsuren mazarƙwaila a ruwan zafi ki tace, don wani lokaci akan samu ɗan yashi.

Anti Saratu Jos: Malam Bala, ka buga daidai. Wannan ita ce matsalar marar giyar da mutane ba sa lura. In ka cire rom ka bar rami. Shi ne ke ba abin nauyi a baki da ɗan zafi a maƙogwaro, in babu shi sai ya zama ruwan suga mai iska kawai. Masu cike ramin da Sprite suna ƙara zaƙi ne a kan zaƙi. Ni abin da nake yi, ruwan rake cokalin cin abinci uku a madadin rom, in rage suga zuwa cokali ɗaya, in danna siririn yankan ɗanyar citta tare da ganyen don wannan ɗan zafin, sannan gishiri ɗan mitsitsi, iya abin da yatsa biyu za su ɗauka a kakkaɓe rabi. Mazarƙwaila kam za ta ba da ƙamshi mai daɗi amma launin zai koma ruwan ƙasa, wanda bai damu da hoto ba ya gwada.

Maman Ilham: To in ban samu ruwan soda ba fa? A unguwarmu Sprite da 7Up kawai ake samu.

Anti Saratu Jos: Ki nemi Schweppes mai rubutun soda a manyan kantuna, kar ki ɗauko tonik, shi ɗaci gare shi. In ba ki samu ba, yi da Sprite ɗin amma kar ki sa suga ko kaɗan, ki ƙara lemon tsami.

Dakta Awwal Kumasi: Gargaɗi ɗaya a kan ruwan rake. Ba ya ajiyuwa. Cikin ɗan lokaci zai yi duhu, in kuma ya wuni a zafin nan namu zai fara tsami yana kumfa, wato ya kama hanyar zama abin da kuke gudu. Matse a sha.

Malama Rabi: Wannan ma ya zo a sunna. Ana jiƙa wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi ko dabino a ruwa ya sha, amma ba a barinsa ya wuce kwana uku. Mu da ke barin kunun aya a kula ba wuta har ya fara tsiiit in an buɗe murfi, mu ya kamata mu fi kula da wannan fiye da suna.

Ummu Sudais: Wannan kam gaskiya ne, Malama. Amma ni dai ba zan kira shi da sunan ba a gidana.

Hauwa Tudun Wada: Don Allah tambaya, na'a-na'a ita ce ɗoɗɗoya? Akwai ta da yawa a bayan ɗakina.

Zuwaira Damagaram: A'a 'yar'uwa, kar ki soma! Ɗoɗɗoya ta farfesu ce. Na'a-na'a ita ce wadda masu shayi ke jefawa a buta, ganyenta ƙanana masu ɗan kurji-kurji, in kin murza sai ki ji ƙamshin cingam. Mu nan ba a raba mu da ita saboda shayi. Kuma ku daina wahalar saye. In kin sayo ƙulli ɗaya, zaɓi kara biyar masu lafiya, ki tsige ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa ki ajiye a taga. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi. Ki dasa a tsohon bokiti mai huji a ƙasa. A bokiti fa, don in kika sa ta a ƙasa sai ta mamaye wurin duka ta ƙarƙashi. Tana son ruwa kullum, da bazara kuma ki ja ta inuwa, ranar tsakar rana tana ƙona ta. Ki riƙa tsinke kan, haka take yin rassa.

Hajiya Turai: A Kano in kin je 'Yan Kaba da sassafe za ki samu mai kyau, lemon tsami kuma 'Yan Lemo. Ki zaɓi mai santsin fata mai nauyi a hannu, shi ne mai ruwa. Ki murza shi a kan tebur da tafin hannu kafin ki yanka.

Hauwa Tudun Wada: Likita, gaskiya ne na'a-na'a tana sanyaya jiki?

Dakta Awwal Kumasi: Ba ta rage zafin jiki, ruɗar jijiya take yi. Akwai wani sinadari a cikinta, mentol, yana taɓa jijiyoyin baki da ke jin sanyi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka sanyi ne ya shigo. Kamar yadda barkono ke sa a ji zafi alhali ba wuta. Ƙanƙarar da ruwan su ne ke aikin gaske. Shi kuwa mai giyar, duk da ana cewa yana wartsakarwa, barasa tana sa yawan fitsari, ƙishin ƙaruwa yake yi. Abu biyu kuma. Mai fama da ƙwannafi ya yi a hankali, lemon tsami da na'a-na'a da iskar soda duk suna iya tayar masa da shi, balle a buɗa baki da shi ciki ba komai. Sannan wadda za ta matse lemon tsami da yawa ta wanke hannu da sabulu kafin ta fita rana. Ruwan ɓawon in ya haɗu da rana yana iya ƙona fata har ta yi bororo ta bar baƙin tabo. Na ga masu sayar da lemo da wannan, suna zaton sammu ne.

Maman Ilham: Allah ya biya ku duka. Saura ɗaya. Kofi ɗaya na gane, amma mutum hamsin fa? Ba zan tsaya ina tafa ganye ga kowa ba.

Anti Saratu Jos: Raba aikin. Tun ana gobe taro, da daddare, ki dafa suga kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya har ya narke, ki sauke, ki cusa na'a-na'a cikin hannu biyu, ki rufe minti ashirin zuwa talatin, ki tace ki sa a firji. Ƙamshin ya riga ya shiga, ba sauran dannawa. Ki ninka gwargwadon jama'a. Lemon tsami ki matse saura awa ɗaya ko biyu a fara, da hannu ko da abin matsewa, ban da bilenda. Ki haɗa shi da ruwan sugan, kusan daidai wa daida, ki ɗanɗana ki gyara. Wannan haɗin shi za ki kai wajen taron a jarka cikin kula, kwalaben soda a rufe a gefe. In an zo rabo, ƙanƙara a kofi, haɗin cokalin cin abinci uku, soda a kai, ganye ɗaya a sama. Yara biyu masu hankali za su iya. Roba dai ki manta da ita, wannan ba zoɓo ba ne.

Sadiya mai kek: Ƙanƙarar kuma a san ruwan da aka yi ta da shi. Irin ta bulo da ake ja a ƙasa a kasuwa ta sanyaya kwalba ce, ba ta shiga ciki ba. Ni ledar fiyawata nake daskararwa in wuta ta yi mana adalci.

Malam Bala Makarfi: To yanzu wane suna aka tsayar? Ni na ce a kira shi ɗan Makarfi.

Zuwaira Damagaram: Kai Malam, daga ba da shawarar rake sai ka gaje abin duka?

Ummu Sudais: Lemon na'a-na'a. Kowa ya ji ya san abin da zai sha, ba sai an ba jika waya ba.

Binta 'yar Jidda: Masu saye fa sun fi son sunan Turanci, shi ke sa a ƙara kuɗi.

Anti Saratu Jos: Ba ma Turanci ba ne, Sifaniyanci ne. Amma Binta ta faɗi gaskiya, a takardata in na rubuta lemon na'a-na'a rabin kuɗin ake son biya.

Hajiya Turai: Kowa ya kira abinsa yadda ya ga dama, ban da a walimar sauka. Na rufe wannan babin, kar a koma.

Maman Ilham: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Jiya bayan azahar na gwada na Anti Saratu, da ruwan raken Malam Bala da 'yar citta. Kofin farko na danna ganyen da ƙarfi, hannu ya saba da daka, ya ɗan yi ɗaci. Na biyu kam, wallahi da na kai baki sai da na zauna. Na haɗa jog guda na ba Ilham ta kai wa Kawu, na ce ta ce lemon na'a-na'a ne in ji mamana, a yi haƙuri da na rannan. Ba a yi rabin awa ba sai ga jikan nan nasa, shi dai wanda ya tona min asiri, ya dawo da jog ɗin wayam. Ya ce Baba ya ce a ƙaro, kuma kar a manna takarda.